Motocin Gudu na Da da na Yanzu: Abin da Ke Sauya Surar Mota

Duk inda aka ɗora hoton Lamborghini ta shekarun 1970 kusa da ta bana, a Facebook ko TikTok, sai gardama ta tashi. Wasu su ce na da sun fi kyau, jikinsu sumul, babu tarkace. Wasu su ce na yanzu sun fi kwarjini, na da kuwa kamar akwatin sabulu suke. Gardamar ba ta ƙarewa, domin kowa da abin da idonsa ya fi so.

Akwai tambayar da ta fi wannan amfani, kuma tana da amsa: me ya sa surar ta canza? Kusan kowane lanƙwasa, kowane rami, kowane fiffike da ke jikin motar gudu amsa ce ga wata matsala. Ko dai ta iska, ko ta zafin inji, ko ta doka, ko ta kayan aikin da mai zane yake da su a zamaninsa. Wanda ya san waɗannan matsaloli zai kalli hoton mota a wayarsa ya faɗi zamaninta da inda injinta yake, ko da bai ga tambarinta ba. Wannan shi ne abin da darasin nan zai koyar.

Da farko, motar gudu a nan tana nufin motar da aka ƙera don titi, amma aka fifita gudu da iya shan kwana a kan ɗaukar mutane da kaya. Yawanci ƙofa biyu gare ta, kujera biyu, kuma a kwance take kusa da ƙasa. Ta bambanta da motar tsere irin ta Formula 1, wadda ba a yarda ta hau titi ba.

Mota ɗaya, shekara 55 tsakani

Hanya mafi sauƙi ta ganin canji ita ce a ɗauki mota ɗaya da ta daɗe ana ƙera ta. Porsche 911 ta ƙasar Jamus ta dace da wannan. An fara nuna ta a bikin baje kolin motoci na Frankfurt a 1963, aka fara sayar da ita a 1964, kuma har yau ana yin ta da siffa iri ɗaya: fitilu masu da'ira a gaba, rufi mai gangarowa baya, inji a can bayan tayoyin baya.

Ga ta 1964: tsawonta milimita 4,163, faɗinta 1,610, nauyinta kilo 1,080, ƙarfin injinta doki 130. Rim ɗinta inci 15 ne, faɗin tayarta milimita 165.

Ga Carrera S ta 2019, wadda kamfanin ke kira 992: tsawo milimita 4,519, faɗi 1,852, nauyi kilo 1,515, ƙarfi doki 450. Rim ɗin gaba inci 20, na baya 21, faɗin tayar baya kuma milimita 305.

Wato motar ta ƙara faɗi da kusan santimita 24, ta ƙara nauyi da kilo sama da 400, ƙarfinta ya ninka fiye da sau uku, tayar baya ta kusa ninka faɗinta. Waɗannan alkaluma a haɗe suke kamar sarƙa. Ƙarfin doki 450 yana buƙatar taya mai faɗi da za ta kama kwalta. Gudu mai yawa yana buƙatar babban faifan birki, shi kuma faifan ba ya shiga sai cikin babban rim. Taya mai faɗi tana buƙatar a buɗa jikin motar ya rufe ta. Manyan ƙugunan baya da ake yaba wa 911 ta yanzu daga nan suka samo asali. Mai zane ya gyara su suka yi kyau, amma injiniya ne ya fara neman wurin.

Daga guduma zuwa kwamfuta

A shekarun 1950 da 1960, jikin motocin gudu na Italiya da hannu ake buga shi. Kamfanin Scaglietti da ke Modena, wanda ya yi jikin Ferrari 250 GTO ta 1962, ma'aikatansa suna ɗaukar farantin alminiyam su yi ta bugu da guduma har ya ɗauki sura, kamar yadda mai gyaran bodi ke fitar da lotsawa, sai dai su daga farko suke gina jikin. Guda 36 aka yi na wannan mota, kuma idan aka auna su da kyau ba a samun biyu da suka yi daidai ƙwabo da ƙwabo. Guduma da farantin ƙarfe sun fi son lanƙwasa mai laushi da zagaye, shi ya sa motocin wancan lokaci suke da jiki kamar na kifi.

Manyan kamfanoni kuma suna sassaƙa mota da yumɓu na musamman, girmanta ɗaya da ta gaske, dabarar da Harley Earl ya yaɗa a General Motors ta Amurka tun ƙarshen shekarun 1920. Har yau ba a daina aikin yumɓu ba. Abin da ya ƙaru shi ne ana auna yumɓun da na'urar haske a shigar da shi kwamfuta.

Shigowar kwamfuta cikin zanen mota tana da labarin da ya shafi duk mai wayar hannu. A 1959 wani masanin lissafi a kamfanin Citroën na Faransa, Paul de Casteljau, ya samo hanyar bayyana layi mai lanƙwasa da lissafi. A shekarun 1960 Pierre Bézier, injiniya a Renault, ya yi irin wannan aiki ya kuma wallafa shi, sai sunansa ya bi dabarar. Ga yadda take: maimakon a adana dubban ɗigogin da suka yi layin, sai a adana ɗigo huɗu kawai, biyu a bakin layin, biyu kuma suna jan sa kamar maganaɗisu. Idan aka matsar da ɗaya daga masu jan, duk layin sai ya lanƙwashe sumul. Wannan dabara da aka ƙirƙira don jikin mota ita ce a cikin alƙalamin zane na Photoshop da Illustrator, kuma da ita ake zana haruffan da mai karatu ke gani a allon wayarsa yanzu haka.

Da kwamfuta ta ƙarfafa, sai mai zane ya samu damar haɗa lanƙwasa da kaifi a faranti ɗaya, na'ura kuma ta sassaƙa ma'ajin da zai buga shi dubu ba tare da kuskure ba. Kayan ƙira su ma sun canza. A 1981 McLaren ta shigo da ƙashin mota na zaren kabon a Formula 1, a 1992 kuma ta fitar da McLaren F1, motar titi mai irin wannan ƙashi. Zaren kabon kamar yadi ake shimfiɗa shi a cikin ma'aji, a jiƙa shi da wani irin gam, a gasa. Saboda haka yana ɗaukar surar da guduma ba za ta taɓa iya bugawa ba. Ford GT ta 2017 misali ce: tsakanin rufinta da tayoyin baya akwai gadoji biyu siraru, iska na wucewa ta ƙarƙashinsu, har mutum yana iya hango waje ta cikin jikin motar.

Iska ce babbar mai zane

A gudun gari iska ba ta da wani tasiri. Amma turjiyarta tana ƙaruwa da gudu sau gudu. Idan mota ta ninka gudunta, turjiyar iska za ta ninka sau 4, ƙarfin da inji ke buƙata don keta ta kuma ya ninka sau 8. Wanda ya taɓa fitar da tafin hannunsa ta tagar mota a babbar hanya ya ɗanɗana kaɗan daga ciki.

Masu zane na da sun san haka, amma kayan awonsu kaɗan ne. Malcolm Sayer, wanda ya tsara jikin Jaguar E-Type ta Ingila da ta fito a 1961, daga masana'antar jiragen sama ya zo, kuma da lissafin hannu yake fitar da lanƙwasar jikin motar. Wasu kuma da ido kawai suke yi, su liƙa zaren ulu a jikin mota, su bi ta da kyamara su ga inda zaren ke kaɗawa. Sai a 1972 kamfanin zane na Pininfarina ya buɗe zauren gwajin iska da ke ɗaukar cikakkiyar mota a kusa da Turin, inda wata ƙatuwar fanka ke hura iska ana auna abin da take yi wa motar. Wannan Pininfarina, da ya zana yawancin motocin Ferrari na shekaru masu yawa, shi ne ya zana Peugeot 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna.

Da aka fara awo sai aka gane cewa ido yana yaudara. Lamborghini Countach, wadda Marcello Gandini ya zana, aka nuna samfurinta a 1971 aka fara sayarwa a 1974, kamar bakin gatari take, kowa zai rantse tana yanka iska. Amma ma'aunin turjiyarta, wanda ake rubutawa Cd, ya kai kusan 0.42. Ƙaramin adadi shi ne mafi kyau, kuma 911 Carrera ta 2019 mai zagayen jiki tana da 0.29. Babban fiffiken da masu Countach suka riƙa biyan kuɗi a ɗora musu a baya ma rage mata ƙarshen gudu yake yi.

Matsala ta biyu ta fi haɗari. Mota mai shimfiɗaɗɗen ciki da zagayen sama siffar fiffiken jirgi gare ta, don haka idan gudu ya yi yawa iska na neman ɗaga ta. Lamborghini Miura ta 1966, da mutane da yawa ke sa wa cikin mafi kyawun motocin da aka taɓa yi, an san ta da wannan: tankin manta a gaba yake, idan mai ya ragu hancinta sai ya yi sakayau a babban gudu. Porsche ta magance irin wannan a 911 Carrera RS ta 1973 da wani ɗan tudu a baya da ake kira jelar agwagwa. Audi TT ta 1998 ta fito da baya sumul babu komai, amma bayan wasu haɗurra a babban gudu sai kamfanin ya kira motocin ya ƙara musu ɗan fiffike da na'urar daidaita tafiya.

Daga nan buri ya canza. Yanzu ana son iska ta danna motar ƙasa, domin tayoyi su ƙara kama kwalta a kwana. Porsche 911 GT3 RS ta 2022 tana samun danniyar kilo 860 a gudun kilomita 285 a awa, kuma fiffikenta na baya ya fi rufin motar tsayi. Leɓen da ke ƙasan hancin motocin yanzu, da ramukan da ke saman tayoyin gaba, da haƙarƙarin da ke ƙarƙashin baya, duk aikinsu ke nan. Abin da wasu ke kira tarkace yawanci kayan aiki ne.

Akwai kuma hanyar tsakiya, wato fiffike mai motsi. Tun 911 ta 1989, wadda ake kira 964, akwai fiffiken da ke tashi da kansa idan gudu ya kai kilomita 80 a awa, ya koma ya kwanta idan an rage. A motocin yanzu manhaja ce ke karanta gudu da birki da juyin sitiyari ta yanke kusurwar da fiffiken zai tsaya. Surar motar a ajiye daban, surarta a guje daban.

Inda inji yake, nan sura take bi

Idan aka kalli mota ta gefe, wurin da ɗakin direba ya zauna yana faɗin inda inji yake. Jaguar E-Type tana da doguwar bonet, direba kuma yana can baya kusa da tayoyin baya, saboda dogon inji mai silinda shida yana kwance a gaba. Miura ce ta yi fice wajen sa babban inji mai silinda 12 a bayan direba, tsakanin tayoyin gaba da na baya, domin nauyi ya taru a tsakiya. Da inji ya bar gaba, sai hanci ya gajarce ya yi ƙasa, ɗakin direba ya matso gaba. Countach ta kai wannan siffa matuƙa, tsayinta daga ƙasa mita 1.07 kacal, ƙofofinta kuma sama suke buɗewa kamar almakashi.

Chevrolet Corvette ta Amurka ta nuna wannan a fili. Daga 1953 har ƙarni na bakwai injinta a gaba yake, da doguwar bonet. A ƙarni na takwas, na 2020, aka mayar da inji tsakiya, nan take surar ta koma irin ta motocin Italiya.

Zafi da ramukan jiki

Injin fetur yana mayar da mafi yawan man da ya ƙona zafi, kaɗan ne ke zama tafiya. Saboda haka duk ƙarin ƙarfi ƙarin zafi ne, kuma dole iska ta shiga ta kwashe shi. Motar doki 130 ƙaramin baki ya ishe ta. Bugatti Veyron ta 2005 mai doki 1,001 lagireto 10 gare ta. Injunan turbo, da suka yawaita saboda dokokin rage hayaƙi, suna ƙara buƙatar wani sanyayawar, domin iskar da turbo ya matse tana yin zafi kafin ta shiga inji.

Samfurin farko na Countach jikinsa sumul yake, amma injinsa ya riƙa zafi, dole aka ƙara masa akwatunan shan iska a kafaɗu da wani rami mai siffar alwatika a gefe. Irin wannan rami, da ake gani kuma a Ferrari F40 ta 1987, hukumar NACA ta Amurka ce ta ƙirƙiro shi don jiragen sama, hukumar da daga baya ta zama NASA.

A nan akwai abin lura. Wasu motocin yanzu suna da ramukan ado, baƙar roba ce kawai a toshe. Idan aka zuƙo hoto aka ga lagireto ko haske a bayan ragar, ramin na aiki ne. Idan ba a ga komai ba, kwalliya ce.

Hannun doka

Amurka ce babbar kasuwar motocin gudu, don haka dokarta takan sauya surar motocin Turai da Japan. A farkon shekarun 1970 ta wajabta bambar da za ta jure karo a gudun mil 5 a awa, kusan kilomita 8, ba tare da fitilu da sauran kayan tsaro sun lalace ba. Siraran bambobin ƙarfe masu ƙyalli suka ɓace. 911 ta 1974 ta fito da bamba mai roba mai naɗi a gefe, MGB ta Ingila ta samu baƙar bamba mai kauri, Countach da aka kai Amurka kuwa aka liƙa mata wasu tubala a hanci. Daga baya masu zane suka koyi ɓoye ƙarfen bamba a cikin roba mai launin mota, shi ya sa a motar yanzu ba a gane inda bamba ta tsaya.

Fitilu ma haka. Daga 1940 zuwa farkon shekarun 1980 dokar Amurka ta taƙaita fitilar gaba ga wasu 'yan nau'o'i masu ƙayyadadden girma, kuma ta sa iyakar kusancinsu da ƙasa. A ƙarshen shekarun 1960 ta hana rufe su da gilashi, E-Type ta rasa murfin fitilunta. Mai son hanci siriri sai ya ɓoye fitilar cikin bonet, ta riƙa ɗagowa da dare. Wannan ne asalin fitilu masu buɗe ido na Countach da F40 da Mazda MX-5 ta 1989. Sun ƙare a 2004, tare da Corvette ƙarni na biyar da Lotus Esprit. Ƙananan fitilu masu ƙarfi sun riga sun sa ba a buƙatarsu, dokokin kare masu tafiya a ƙafa kuma suka sa yin su ya yi wuya.

Waɗannan dokoki, da Tarayyar Turai ta fara aiki da su a 2005, sun nemi gaban mota ya rage illa ga mutumin da aka kaɗe. Ana buƙatar sarari tsakanin bonet da inji, domin bonet ta lotsa kafin kan mutum ya kai ga ƙarfe mai tauri. Hakan ya ɗaga hancin motoci masu inji a gaba. Jaguar XK ta 2006 ta bi wata dabara: na'ura na jin karo, ta harba bonet sama cikin ƙiftawar ido.

Sai ginshiƙan rufi. A 911 ta 1964 siraru ne, direba yana ganin ko'ina. A 2009 Amurka ta ƙarfafa doka cewa rufin ƙaramar mota ya jure nauyin da ya ninka nata sau 3, ga kuma jakunkunan iska da ake ɓoyewa cikin ginshiƙai da ƙofofi. Ginshiƙai suka yi kauri, ƙofofi suka yi tsayi, tagogi suka ƙanƙance. Motar ta rage haske da sakayau a ido, amma wanda ya kife da ita ya fi samun damar fita da ransa.

Fitilu a matsayin sa hannu

Audi R8 ce ta fara fitowa da fitilun gaba na LED gaba ɗaya, a ƙarshen shekarun 2000. Ƙwayar LED ƙarama ce, ana jera ta a kowace siffa. Sai fitila ta tashi daga kwano mai da'ira ta koma zane: harafin Y a Lamborghini, ɗigo huɗu a Porsche, layi ɗaya da ya ratsa bayan 992 daga gefe zuwa gefe. Da dare ana gane motar yanzu da haskenta kafin a ga jikinta.

Amma masu saye suna da iyakar abin da za su karɓa. Da Porsche ta sauya fitilun 911 masu da'ira a samfurin 996 na 1997, masoyanta suka riƙa kwatanta sababbin da soyayyen ƙwai. A 2004 samfurin 997 ya dawo da da'irar.

Cikin mota

Ferrari F40, mota ta ƙarshe da Enzo Ferrari ya amince da ita kafin rasuwarsa a 1988, ba ta da rediyo, ba ta da kafet, da igiya ake buɗe ƙofarta daga ciki. Tsohuwar 911 agogo biyar gare ta masu allura, na zagayen inji a tsakiya. A 992 ta 2019 na tsakiyar ne kaɗai ya rage mai allura, sauran allo ne, ga wani allon taɓawa mai inci 10.9. A 2024 shi ma na tsakiyar ya koma allo.

Allo yana da amfani: taswira, sabunta manhaja, kyamarar baya. Masu Countach sai sun buɗe ƙofa sun zauna a bakinta suna waige kafin su yi ribas, domin ba a ganin baya. Sai dai maɓallin da hannu ke lalubowa ba ya ɗauke ido daga titi, allo kuwa sai an kalle shi. Shi ya sa hukumar gwajin tsaro ta Euro NCAP ta sanar cewa daga 2026 za ta fifita motocin da ke da maɓallan gaske na sigina da hon da goge gilashi da fitilar haɗari. Allo kuma yana saurin tsufa kamar waya. Agogon allura na 1964 har yau bai zama abin dariya ba, amma allon mota na shekara 15 da suka wuce tuni ya zama.

Masu waiwaye da masu tirjewa

Kamfanoni sun san mutane na kewar surar da. Nissan Z ta 2022 ta ɗauko hancin 240Z ta 1969 da fitilun bayan 300ZX. Lamborghini ta farfaɗo da sunan Countach a 2021, ta yi guda 112 a kan ƙashin Aventador, amma Gandini ya fito fili ya nesanta kansa da aikin. Idan aka ajiye kowacce kusa da kakarta, sabuwar ta fi faɗi da kauri, domin doka da taya da lagireto ba sa komawa baya.

Mazda MX-5 ta nuna cewa kumbura ba dole ba ne. Ƙarni na huɗu da ya fito a 2015 tsawonsa milimita 3,915 ne, ya gaza na 1989 tsawo, nauyinsa kuma kusan tan ɗaya. Mazda ta ƙi bin tseren ƙarfin doki, don haka ba ta buƙaci manyan tayoyi da manyan birki da manyan ramuka ba. Da aka cire zoben farko na sarƙar, sauran ba su biyo ba.

Abin da lantarki ke kawowa

Motar lantarki ba ta da dogon inji, ba ta da salansa, buƙatarta ta sanyayawa ma ta ragu, don haka mai zane ya samu 'yanci. Kuma tunda turjiyar iska tana cinye cajin batir, sumul ya sake zama abin nema: Porsche Taycan tana da Cd 0.22. Matsalar ita ce batir. Idan aka shimfiɗa shi a ƙarƙashin kujeru, direba zai ɗaga, rufi ma ya ɗaga. Rimac Nevera ta ƙasar Kuroshiya, mai doki 1,914, ta jera batirinta a tsakiya da bayan kujeru domin direba ya zauna ƙasa, duk da haka nauyinta ya haura tan biyu.

Yadda ake karanta mota daga hoto

Mai karatu zai iya gwada wannan da wayarsa. A nemo hoton gefe na tsohuwar mota da sabuwarta, misali Toyota Supra ta 1993 da ta 2019, a jera su a manhajar haɗa hotuna, sannan a bi waɗannan matakai:

1. A duba inda ɗakin direba yake. Idan yana baya da doguwar bonet, inji a gaba yake. Idan ya matso gaba kuma akwai rami a bayan ƙofa, inji a tsakiya yake.
2. A gwada tsayin taya da tsayin motar. Ƙaramin rim da roba mai kauri alamar da ce. Babban rim da siririyar roba alamar yanzu.
3. A kwatanta gilashi da ƙarfe. Manyan tagogi da siraran ginshiƙai sun fi yawa kafin shekarun 1990.
4. A kalli bamba. Ƙarfe mai ƙyalli yana nuna kafin 1973, baƙar roba mai kauri tana nuna tsakiyar shekarun 1970 zuwa farkon 1980, mai launin jiki kuma bayan nan.
5. A kalli fitila. Mai buɗe ido ba ta wuce 2004 ba, zanen LED kuwa bai girmi ƙarshen shekarun 2000 ba.
6. A ƙirga ramuka, a tambayi kowanne me yake sanyayawa ko ina yake kai iska.

Tambayar wacce ta fi kyau kuwa tana nan ga kowa. Akwai dai abin da ya kamata a riƙa tunawa kafin a yanke hukunci: motocin da ake tunawa daga shekarun 1960 zaɓaɓɓu ne, munanan zamaninsu an manta da su, alhali na yanzu ana ganin su duka, kyawawa da munana. Kuma mai zanen Miura bai fuskanci gwajin karo da dokar masu tafiya a ƙafa da doki 1,000 ba. Adalci shi ne a auna kowane mai zane da matsalolin da aka ɗora masa, a ga yadda ya warware su.